Yadda za ka gyara tsohuwar laftof da ta ƙi tashi daga barci

Idan laftof ɗinka irin tokumbo ɗin nan ce, su HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6420 ko ThinkPad T420 da suka cika shagunan kwamfuta, toh akwai yiwuwar ka san wannan ciwon kan. Ka rufe murfi ka tafi sallah, ka dawo ka buɗe, fitila tana ci fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, dole ka danne madannin wuta har ta mutu, aikin da ba ka ajiye ba ya tafi kenan. Ko kuma ka saka ta a jaka tana barci ka ciro ta da zafi kamar dutsen guga, batir ya ƙare tas. Kar ka yi saurin yarda a yi mata fomatin, don sau da yawa fomatin ɗin ne ma ya jawo matsalar.

Ka fara sanin bambancin Sleep, wato barci, da Hibernate. A Sleep duk abin da ka buɗe yana zaune ne cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, shi kuma RAM in wuta ta yanke masa ko na daƙiƙa ɗaya ne komai ya goge. A Hibernate kwamfutar tana kwashe abin da ke RAM ta rubuta shi a wani fayil mai suna hiberfil.sys a cikin C, sannan ta mutu gaba ɗaya.

Matakin farko, ka nemo cmd a Start, ka danna dama ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta powercfg /a ka buga Enter. Zai jero maka irin barcin da na'urar take iyawa da wanda ba ta iyawa har da dalili. Tsofaffin laftof S3, wato barcin Sleep na yau da kullum, ya kamata ka gani a sama. In ka ga ya faɗo ƙasa an rubuta Graphics a gefensa, ka kama ɓarawon. Shiga Device Manager ka buɗe Display adapters, idan abin da ke wurin Microsoft Basic Display Adapter ne, ko Standard VGA a Windows 7, wanda ya ɗora maka Windows bai saka direban allo ba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya sarrafa allon yadda ya kamata. Wannan abu yana ba ni haushi sosai, a karɓi kuɗin mutum a miƙa masa kwamfuta don dai kawai hoto ya fito, alhali da wannan direban na wucin gadi ko hasken allo ba ya ragewa balle barci. Je shafin HP ko Dell ko Lenovo ka saka lambar na'urarka ka sauke direban. Masu Intel HD Graphics 3000, wato na'urorin 2011 irin E6420 da T420, Intel bai yi musu direban Windows 10 a hukumance ba, amma in ka bar Windows Update ya yi aikinsa yawanci yana kawo wanda ke aiki.

In direba yana nan amma har yanzu allo baƙi yake tashi, kafin ka kashe ta gwada danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci ɗaya, a Windows 10 wannan yana sake tada direban allo, za ka ji ɗan ƙara allon ya ƙifta. Bayan nan ka kashe Fast Startup, saitin da ke sa kwamfuta saurin kunnuwa, wanda aka shigo da shi tun Windows 8 a 2012, tsofaffin direbobi ba sa shiri da shi. Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, danna Change settings that are currently unavailable, cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Ka leƙa Advanced power settings kuma ka kashe Allow hybrid sleep.

Sai wadda take farkawa ita kaɗai cikin jaka. Rubuta powercfg /lastwake zai faɗa maka abin da ya tashe ta na ƙarshe, powercfg /devicequery wake_armed kuma zai jero duk kayan da aka ba izinin tashin ta. Yawanci maus ne ko katin intanet. Ka same su a Device Manager, Properties, Power Management, ka cire alamar Allow this device to wake the computer. In kuma barcin ne ta ƙi yi kwata-kwata, powercfg /requests zai nuna manhajar da ta riƙe ta, wani lokacin bidiyo ne kawai aka bari a buɗe a burawza.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, yawancin laftof da maganaɗisu suke gane an rufe murfi. In taka tana yin barci haka kawai kana tsaka da aiki, duba ko ka ɗora waya mai jakar maganaɗisu ko sifika a gefen kibod, ko ka ɗora ta a kan wata laftof ɗin.

Idan Hibernate ya ɓace ko yana maƙalewa, rubuta powercfg /h off, ka sake kunna kwamfutar, sannan powercfg /h on, hakan zai goge tsohon fayil ɗin ya yi sabo. Amma ka tabbata akwai fili a C, fayil ɗin yana cin kusan kashi 40 cikin 100 na RAM a Windows 10, a Windows 7 kuwa kashi 75.

Yanzu maganar batir, wadda a wajena ita ce babba. Rubuta powercfg /batteryreport, yana aiki daga Windows 8 zuwa sama, ka buɗe rahoton ka kwatanta Design capacity da Full charge capacity. In na biyun bai kai rabin na farko ba, ko kuma da an ɗauke wuta take mutuwa, toh Sleep ba naka ba ne, babu wani saiti da zai riƙe RAM ba wuta. Koma Power Options, Choose what closing the lid does, ka mayar da shi Hibernate a duka wurin batir da na caja. Za ta ɗan jima wajen tashi musamman in ba SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, gare ta ba, amma ko NEPA ta kwana uku ba ta kawo ba aikinka yana nan yadda ka bar shi.

In ka lura kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da ka kunna, ƙaramin batirin CMOS mai riƙe agogon kwamfuta ne ya mutu, yawanci irin CR2032 ne, a laftof da yawa an naɗe shi da 'yar waya, a canza shi. Sabunta BIOS, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta kafin Windows, kuma ka bar shi a ƙarshe, yana magance matsalar barci a wasu na'urorin amma kar ka taɓa shi sai da batir mai riƙe caji da wuta tsayayya, don in ta yanke ana tsaka da yi laftof ɗin na iya ƙin kunnuwa gaba ɗaya.