Ku gyara lambar ƙofar gidanku tun kafin ranar da za ku kira 18

Jama'ar Yamai, ina roƙonku ku fita yau ku tsaya tsakiyar layi ku dubi ƙofar gidanku, shin baƙo zai iya karanta lambar? Satin da ya wuce butalin gaz ya kama wuta a gidan maƙwabcinmu wajen ƙarfe biyu na dare, an kira 18, lambar 'yan pompiye masu kashe gobara, sun kuma taso da wuri, amma muna jin jiniyarsu tana zagaya kartiye suna neman gidan, don duk kwatancen da aka ba su shi ne bayan masallaci kusa da mai shayi. Masallatai nawa ne a Bukoki? Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ɗaki guda ya tafi.

Da farko ka san adireshinka. Tituna da yawa suna da harufan kartiye da lamba, kamar YN na Yantala, KK na Kwara Kano, BK na Bukoki, sannan ƙofa da tata lamba. In taka ta goge ko an shafe ta lokacin da aka yi wa bango fenti, ka dubi ta maƙwabta ko ka je meri ta yankinku ka tambaya, kar ka ƙirƙiro taka.

Sai rubutun, nan ne mutane ke kuskure. A yi lambobi manya, tsawon santimita 10 zuwa 15, farin fenti kan baƙi ko shuɗi mai duhu, fentin mai ba na ruwa ba don damina guda ta ishe shi wankewa. Kuma don Allah a bango gefen ƙofa ake sawa, ba jikin ƙyauren ba, in an buɗe ƙyaure lamba ta shige ciki ke nan, kuma ranar tashin hankali ai ƙofa a buɗe take. A ɗaga ta kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu yadda mota ko rumfar mai tebur ba za ta tare ta ba. Ni faranti na sa mai walda ya yanko mini a Katako, na liƙa irin tef ɗin nan mai ƙyalli da ake sa wa manyan motoci, fitila na haska shi sai ya ɗauki ido tun daga nesa.

Ka sa ɗan ƙwan sola a samansa saboda daren da babu kuran. Ka sare reshen dogon yaro in ya rufe, lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙura.

Masu gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki a ba shi tasa lamba, mai ciwo ba ya jiran a ƙwanƙwasa ƙofa takwas.

In abu ya faru, 18 pompiye, 17 'yan sanda, 15 ambilans. Ka faɗi kartiye, titi, lambar ƙofa, sannan alama guda babba da kowa ya sani kamar famasi ko gidan mai, kar ka kashe waya sai sun gama tambaya. Ka tura yaro mai wayo da tocila ya tsaya bakin gudron ya shigo da su. Adireshin kuma a rubuta a takarda da Hausa da Faransanci a manna cikin zaure, a koya wa uwargida da yara har da tsohuwa, don ba lallai kana gida ba ranar da za a buƙace shi.