Kurakuran da Malamin Harhaɗa Magunguna Ke Yi a Asibitin Jeka-ka-dawo na Amurka

A kwalejojin harhaɗa magunguna na Amurka akwai malaman da ba su cika zaman ofis ba. Wasu ranakun mako suna aji, sauran kuma suna asibiti, a sashen da mara lafiya ke zuwa a duba shi ya koma gida. Masu ciwon suga da hawan jini da asma, da masu shan warfarin don kada jininsu ya daskare, su ne mutanensu. Hanyar isa wannan kujera sananniya ce: digirin PharmD, wato digirin dakta a harhaɗa magunguna, wanda tun shekarar 2000 ya zama ƙofar shiga sana'ar a ƙasar, sai shekara ɗaya ta horon ƙwarewa da ake kira PGY1, sai ta biyu, PGY2, a kan wannan fanni kaɗai. Bayan an sami aikin ne ake fara tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne karɓar aiki ba tare da an rubuta rabon lokaci ba. Shugabanni biyu gare ka. Shugaban sashe a jami'a yana son lacca da jarrabawa da zaman kwamiti, manajan asibiti kuma yana son ka cike kowane gurbi na ganin marasa lafiya. Sau da yawa albashin ma haɗa shi suke yi, don haka kowa na ganin naka lokacin nasa ne. Taura biyu ba ta taunuwa, amma sabon malami saboda kunya da zumuɗi sai ya amsa wa kowa da to. Kuma kullum asibiti ne ke yin nasara, domin mara lafiya yana zaune a gabanka, ita kuwa takardar bincike ba ta da bakin yin ƙorafi. Gyaran shi ne tun kafin ka sa hannu ka nemi a rubuta kwana nawa ne na asibiti, wa zai riƙe maka marasa lafiya ranar da kake aji ko hutu, wa zai amsa waya idan sakamakon gwajin jini ya fito da yamma, kuma wane wuni ne na bincike da rubutu da ba wanda zai taɓa. Idan an ce maka "ai za mu daidaita daga baya", to ka sani ba za a daidaita ba.

Daga nan sai batun izini. Wasu suna fara ganin marasa lafiya alhali duk abin da za su iya shi ne rubuta shawara su jira likita ya amince. Mai suga ya zo, ka ga insulin ɗinsa na bukatar ƙari, amma sai bayan kwanaki saƙonka zai sami amsa. Abin da ke warware wannan shi ne yarjejeniyar aikin haɗin gwiwa da likita, wadda ke fayyace magungunan da za ka iya farawa ko sauyawa ko tsayarwa, da gwaje-gwajen da za ka iya turawa. Dokarta ta bambanta daga jiha zuwa jiha. New Mexico ta buɗe wa masana magunguna wannan ƙofa tun 1993, Kalifoniya ta yi dokarta da ta ba ƙwararrun cikinsu babban matsayi a 2013, asibitocin tsofaffin sojoji kuma suna da nasu tsarin mai faɗi. Kada ka ɗauko takardar da ka yi aiki da ita a wajen horo ka zaci za ta yi a sabuwar jiha.

Akwai kuma masu son su zama maganin kowace cuta a watan farko. Gara ka tambayi likitocin wurin abin da ya fi damunsu, ka kama shi kaɗai. Dubi binciken da aka yi a shagunan aski 52 na Los Angeles, wanda ya fito a 2018 ƙarƙashin jagorancin Dakta Ronald Victor. Cuta ɗaya suka sa a gaba, hawan jini a tsakanin baƙaƙen fata maza. Masana magunguna suna samun mutanen a wajen aski, suna rubuta musu magani bisa yarjejeniya da likitocinsu. Cikin wata 6 awon jini na sama ya sauka da maki 27, alhali a ɗaya rukunin, waɗanda aka ƙarfafa wa gwiwa kawai su gyara rayuwa su ga likita, ya sauka da kimanin 9. Ba kowa ne zai yi aiki mai wannan girma ba, amma kowa zai iya taƙaita kansa haka.

Wannan ya kawo mu kuskuren da na fi jin takaicinsa: aiki ba lissafi. Malami ya shekara biyar yana gyara wa mutane suga, marasa lafiya suna sa masa albarka, likitoci suna yabonsa, sai lokacin neman ƙarin girma ya zo. Kwamitin jami'a ba ya zuwa asibiti. Fayil yake karantawa: me ka koyar, me ka wallafa, wace hidima ka yi. Ko a layin malaman asibiti, inda ba a tsananta neman kuɗin bincike, ana son ganin rubutu. Wanda bai ajiye awon HbA1c, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na 'yan watanni, na marasa lafiyarsa kafin su zo hannunsa da bayan sun zo ba, ba shi da abin nunawa. Tun makon farko ka zaɓi alƙaluma biyu ko uku da za ka riƙa bi, ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, ka bar aikin asibitin da kansa ya zama abin da za ka rubuta a kai. Ka kuma karanta ƙa'idar ƙarin girma ta kwalejinka a shekarar farko. Da yawa ba sa buɗe ta sai a ta biyar.

Maganar kuɗi ma ana guje mata kamar abin kunya. Har yanzu sashen B na Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati wadda galibi tsofaffi ke amfana da ita, bai sa masanin magunguna cikin waɗanda ake biya kai tsaye ba, shi ya sa galibi ake cajin ziyarar ƙarƙashin sunan likita. Ka zauna da ma'aikatan lissafin asibitin ka fahimci yadda abin yake, domin ranar da aka tashi rage kashe kuɗi, hidimar da ba a san abin da take kawowa ba ita ake fara rufewa.

Ɗalibai kuwa, zuwa koyon aiki a wannan sashe na asibiti dole ne ga kowane ɗan shekarar ƙarshe, don haka ba za su yanke maka ba. Wani malamin ya mayar da su 'yan kallo, wani ya sakar musu mara lafiya tun ranar farko. Ka fara ba su tattara jerin magungunan da mutum ke sha da gwada masa yadda ake shaƙar maganin asma, sannan ka ƙara musu a hankali.

Wanda ya yi karatunsa a Zariya ko Kano ko wani wuri a waje, kada ya fara da neman gurbin horo. Sai ya sami takardar FPGEC tukuna, wato shaidar amincewa da karatun da aka yi a waje, wadda ke bukatar jarrabawar FPGEE ta ilimin magunguna da ta Turanci, kuma duk wanda ya gama daga Janairun 2003 sai karatunsa ya kai shekara biyar. Bayan haka akwai awannin aiki ƙarƙashin kulawa da jarrabawar NAPLEX ta samun lasisin aiki da ta dokar jiha. Takardar BCACP, ta ƙwarewa a wannan fanni na asibitin jeka-ka-dawo, wadda aka fara jarrabawarta a 2011, tana zuwa daga baya, kuma duk shekara 7 ake sabunta ta.