Yadda ake canza kart mer ta ordinatar da anka saya a haɗe

Ranar Asabar wani ƙanena ya sallamo da ordinatar tashi bisa moto, irin na biro ɗin nan da ake kawowa okaziyo daga Turai, ashe ya riga ya biya Babbar Kasuwa ya sayo sabuwar kart mer, wato babban allon da duk kayan cikin mashin ke haɗuwa bisanshi, wadda mutanen Kano ke ce ma modabod, wai yaya sa min ita kawai. Muna buɗewa sai ga fish ɗin wuta mai haƙori 6, ita ko sabuwar ramin 24 take jira. Yaro ya zauna ya yi tagumi, jikkunanshi sun tafi.

To kahin ka ba kowa ko dala, buɗe murfin gefe ka duba wanga fish ɗin da ke fitowa daga alimantasiyo, wato ɗan akwatin da ke ba mashin wuta. In haƙori 24 ne, da wani ƙarami mai 4 ko 8 na prosesar, wato ƙwaƙwalwar mashin, ka yi sa'a. Amma galibin na biro ba haka suke ba, Dell OptiPlex akwai mai 8 akwai mai 6, HP na da mai 6, Lenovo ThinkCentre 14 ko 10, kowa da tashi kiɗan. Akwai 'yan adaptar da ake saidawa, amma yawancinsu don sa alimantasiyo na kowa bisa kart ɗin kamfani anka yi su, kai ko akasin haka kake nema, don haka ka lissafa kuɗin sabon alimantasiyo tun yanzu.

Sai buwatiye, wato akwatin kanshi. Duba baya inda ramukan USB da na ekaran suke: in farantin ƙarfen na cirewa ne to madalla, in ko an huda shi ne cikin jikin akwatin, sabuwar kart ba za ta zauna ba sai ka yanka ƙarfe, ni ban ba ka wagga shawara. Auna wurin kuma, don kart mer girma-girma ce. ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244, mini-ITX 170 da 170. Siraran nan da ake ce ma SFF kam gaskiya ka nemi wani akwati ka huta, don hatta wayar maɓallin kunnawa fish ɗinta daban ne.

Prosesar da ram, wato 'yan sandunan memuwar, su ne ke faɗa maka wace kart za ka saya. Intel zubi na 2 da na 3 soket LGA1155 suke hawa, wato mazaunin prosesar bisa kart, na 4 LGA1150, na 6 da na 7 LGA1151, na 8 da na 9 ma sunan soket ɗin 1151 ne amma ba su tashi sai bisa kart mai chipset na jerin 300, nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Ram irin DDR3 ba ta shiga ramin DDR4, tsagar ba wuri ɗaya take ba, kar ka danna da ƙarfi. In don Windows 11 kake wanga aiki tunda tallafin Windows 10 ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, to prosesar zubi na 8 zuwa sama da TPM 2.0, wani ɗan ɓangaren tsaro, take so, ke nan in naka bai kai ba shi ma sai ya canza.

Kahin ka taɓa turnabis kwashe takardunka da hotuna bisa kile ko wani diski, in BitLocker, makullin da Windows ke rufe diski da shi, na kunne rubuta lambobin nan 48 na buɗe shi a takarda. Kashe, zare wayar kuran, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci sauran wutar ta fita. Ɗauki hoton ciki da salula, za ka gode min. Lokacin hunturu da iska ke bushe har riga na tartsatsi in ka cire ta, wannan 'yar wutar ta isa ta kashe ram, don haka riƙa taɓa ƙarfen akwati, kuma bisa tebur ake aikin, ba bisa darduma ba.

Cire wayoyi, cire kart grafik in akwai, kwance fankar prosesar, kwance bis, ɗaga tsohuwar. Ƙurar Yamai da za ka tarar ƙarƙashi sai ka yi mamaki, busa ta waje.

Sabuwar kuma ɗora ta bisa kwalinta ka haɗa ta nan tukuna. Prosesar na da ɗan alwatika a kusurwa, daidaita shi da na soket ka aje a hankali, ba dannawa, haƙoran soket na Intel sun fi gashi lanƙwasa kuma in ɗaya ya kwanta mai shago ba ya karɓa. Pat termik, man da ake sawa tsakanin prosesar da fanka, kamar ƙwayar wake a tsakiya ta isa, goge tsohuwar da alkol tukuna. Da zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 kar ka yi rowar pat mai kyau. Fankar kamfani sau da yawa cikin jikin akwati take ɗaurewa, to wataƙila ita ma sai sabuwa. Ram sai ka ji ƙas gefe da gefe.

Sa farantin baya farko, kowa na mance shi, ni ma na sha kwance aiki saboda shi. Sannan 'yan ƙusoshin tagullan da kart ke zama bisansu, kowane ya dace da rami, wanda ya yi saura cire shi, in ya taɓa bayan kart zai haɗa wuta. Ɗaura bis ba da ƙarfin tsiya ba. Sa fish 24, sa na prosesar, wayar fanka a CPU_FAN, wayar diski a SATA, sai 'yan wayoyin gaba, littafin kart ɗin na nuna inda PWR_SW, na maɓallin kunnawa, yake.

Kar ka rufe murfi tukuna. Kunna, danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin kart ɗin, duba ya ga ram da diski, gyara kwanan wata. In ekaran baƙi ne yawanci ram ce ba ta zauna ba, cire ka sake sawa. Kuma kar ka sabunta BIOS ba ondilar, batirin nan da ke riƙe wuta, in kuran ya ɗauke tsakiyar aikin kart ɗin na iya zama gawa.

Windows ɗin da ta zo da mashin lasisinta na ɗaure da tsohuwar kart, tun Windows 8 cikin BIOS ake binne makullin, don haka kar ka yi mamaki in ta ce ba a kunna ta ba. Na ƙanen nawa sai da munka sake mishi akwati da alimantasiyo, yanzu daga tsohon mashin diski da ram kaɗai sunka rage, shina can shina tara kuɗin lasisi.