Sabon zuwa Ingila: ka jona rautarka, ka bar ta a kunne

Ɗan uwa in ka kama gidan haya a ƙasar nan, kafin ka fara zancen labule da tukwane ka fara yin odar intanet, don ba kamar gida ba ne da za ka shiga shago ka sayi rautar MTN ko Airtel a saka maka sim a take ka wuce. Nan sai an ba ka rana, yawanci sati ɗaya zuwa biyu, wani lokacin ya wuce haka in sai injiniya ya zo. Kafin ranar ka lallaɓa da hotspot na wayarka, sim ɗin Lebara ko giffgaff ko Smarty ya isa. Kuma in ɗaki kawai ka kama a gidan da ake haɗaka, fara tambayar mai gidan, galibi waifai na cikin kuɗin haya, kar ka je ka ɗaure kanka da kwantiragin wata 18 ko 24 a banza alhali bizarka ma ba ta kai haka ba.

Kamfanonin suna da yawa amma wayar kusan ta mutum ɗaya ce. BT, Sky, TalkTalk, Plusnet, EE galibi a kan layin kamfanin Openreach suke hawa. Virgin Media ne ke da nasa kebul daban, sai ƙananan masu faiba irin su Hyperoptic da ake samu a dogayen benaye. Shi ya sa abu na farko shi ne ka duba bangon gidan ka ga me ke jiki. In farin soket ne na tarho, sau da yawa kusa da ƙofar shigowa ko a falo, to layin tagulla ne, siririn kebul ɗin da ke cikin kwalin zai shiga ramin da aka rubuta Broadband ko DSL. In kuma ɗan akwati ne manne a bango mai fitilu kuma shi ma yana shan wuta, faiba ce har cikin gida, sai ka ɗauki kebul mai faɗin kai ka haɗa shi da ramin WAN, a rautar BT ja ne ramin. Na Virgin zagayayye ne mai tsinke a tsakiya irin na dish ɗinmu, murɗa shi ake yi. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su cusa kebul a ɗaya daga cikin ramukan LAN masu ruwan ɗorawa su zauna suna jiran ikon Allah.

Rautar da kanta ta gidan waya ake aiko ta, sau da yawa kwalin siriri ne har ta kafar wasiƙun ƙofa yake shigowa, kuma an riga an yi mata setin. Ka jona, ka kunna, ka ba ta kamar minti biyar zuwa goma fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya. Kar ka jona kafin ranar da suka ba ka sannan ka fara kiran waya kana faɗa, layin na iya buɗewa kowane lokaci a ranar har sha biyun dare.

Yanzu ga abin da ya sa ma na zauna rubuta wannan. Mu da muka taso da NEPA, hannunmu ya saba, za a kwanta sai an bi soket ɗaya bayan ɗaya an kashe, kar a kawo wuta da ƙarfi cikin dare ta ƙona firji. Ni haka na yi ta yi wa rautata a gidana na farko a Manchesta, ga mita ta kati ina ganin kuɗi na tafiya, kullum dare sai na latse ta a bango. Kafin sati biyu bidiyo kol da Hajiya ya koma sai dai murya, fuskarta ta daskare baki buɗe, ita kuma tana ta "kana ji na? kana ji na?". Na kira kamfanin da zafina, matar ta saurare ni tsaf sannan ta tambaye ni ko ina kashewa da dare. Ashe a layin tagulla akwai na'urar da ke lura da layin, musamman kwana 10 na farko, in ta ga yana yawan yankewa sai ta ɗauka layin ne ba lafiya ta rage masa gudu don ya zauna daidai. Da hannuna na yi wa kaina. Sai da na bar ta a kunne kwana da kwanaki kafin gudun ya dawo. Wutar da take sha wajen wat 10 ne, a wata bai fi fam biyu zuwa uku ba, hita ce ke cinye maka kuɗi ba ita ba.

Setin da ya kamata ka taɓa kaɗan ne. Juya rautar, akwai sitika ko ɗan kati a bayanta, ka ɗauke shi hoto tun yanzu. Galibi za ka ga kalmar sirri guda biyu, ta waifai daban ta admin daban, kar ka haɗa su. Buɗe burauza a wayarka bayan ka hau waifai ɗin, a wurin adireshi ka rubuta lambar: BT 192.168.1.254, Sky da Virgin 192.168.0.1, wasu kuma 192.168.1.1, galibi dai tana jikin sitikar. Ka canza ta admin, ka canza sunan waifai in kana so amma dan Allah ban da lambar gida ko sunanka, tsaro kuma ka bar shi a WPA2 ko WPA3. In gidanka irin namu ne da kowace Lahadi ake cika ana cin tuwo, kuma rautar na da layin baƙi, kunna shi ka ba su wannan. Masu yara, a manhajar kamfanin ake toshe shafukan banza, wasu ma har lokacin kwanciya za ka sa musu intanet ya ɗauke da kansa.

Sai maganar 2.4 da 5, wato zango biyu da rautar ke watsa waifai a kai. Na 5GHz ya fi gudu amma bango na kashe shi, na 2.4 ya fi nisa. Tsofaffin gidajen jan bulo na nan bangonsu ba wasa, don haka kar ka ɓoye rautar a bayan talabijin ko cikin kabad saboda madam ta ce tana ɓata falo. A sarari, a ɗan sama, nesa da maikrowef.

Wanda ya zo da rautarsa ko ya sayi TP-Link don ta kamfani ba ta kai saman bene, shi ne zai shiga setin WAN da gaske. Yawancin masu hawa Openreach tsarin shiga layi da ake kira PPPoE suke amfani da shi, sai ka nemi suna da kalmar sirrin layi a wurinsu ka zuba. Sky nasu salon daban ne, ba kowace rauta ke karɓa ba, duba kafin ka kashe kuɗi. Na Virgin kuwa ba a cire tasu, maida ta ake yi modem zalla, adireshinta ya koma 192.168.100.1, taka ta hau kanta. Waccan mai sim da ka ɗauko daga Kano galibi a kulle take ba ta karɓar sim na wani kamfani, in ma a buɗe take sai ka canza APN, wato setin intanet na kamfanin sim ɗin. In ka dagula komai, akwai ɗan rami a baya an rubuta Reset, sa tsinken sakace ka danne kamar sakan 20, za ta koma yadda ta zo daga kwali da kalmomin sirrin sitika.

Kwalin ma kar ka yar, yawancinsu aro suka ba ka rautar, ranar da ka bar su in ba ka mayar ba sai ka ga an zare kuɗinta daga akawun ɗinka.