Kafin a Ɗora Majiyyaci Kan Injin Zuciya da Huhu

Abu na farko ga mai riƙe da injin nan shi ne kada jini ya daskare a cikin bututu. Ana ba da heparin, maganin hana jini daskarewa, yunit 300 zuwa 400 ga kowane kilo na nauyin majiyyaci. Bayan minti uku zuwa biyar a ɗebi jini a yi gwajin ACT, wanda ke auna daƙiƙun da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Kada a kunna famfon injin sai ACT ya kai daƙiƙa 480. A maimaita duk rabin awa, a rubuta lokacin daidai, domin da wannan takardar masu bincike za su yi aiki gobe.

In an ƙara heparin amma lissafin ya ƙi tashi, sau da yawa antitrombin, wani sinadari a jini da heparin ke aiki ta hanyarsa, shi ne ya yi ƙaranci, sai a ba da plasma, wato ruwan jini mai ɗauke da shi.

A nan Kaduna, kar a manta da gwajin sikila. Sanyaya jiki da ƙarancin oksijin kan lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai cutar, su toshe jijiyoyi. A gwada batirin injin, a ajiye hannun juya famfo inda ido ke ganinsa, don wuta kan ɗauke kafin janareta ya tashi.

Bayan an sauke majiyyaci daga injin, a ba da protamin, maganin da ke warware aikin heparin, miligiram 1 ga kowane yunit 100 na heparin, sannu a hankali. Gaggawa kan faɗar da ƙarfin jini nan take.