Haɗa ƙaramin taragon kaya daga kwali, ya fito kamar namu na tashar Ngaundere

Kafin ka tura kuɗinka Duwala, ko ka roƙi wani mai dawowa daga Faransa ya riƙo maka kwalin tarago, fara duba lambar ma'aunin da ke jikin kwalin. Manyan taragun kwaikwayo da ake sayarwa a warwatse don mutum ya haɗa da hannunsa, galibinsu layi ɗaya suke hawa, mai faɗin milimita 45, amma girman jikinsu ya sha bamban. Akwai 1:32 na jiragen Turai masu faffaɗan layi, akwai 1:29 na Amurka, sannan akwai 1:22.5 wanda kamfanin LGB na Jamus ya fito da shi a 1968. Wannan na ƙarshen shi ne namu. Dogon da ya taso daga Duwala, ya ratsa Yawunde da Belabo, ya iso nan Ngaundere a 1974, faɗinsa mita ɗaya ne cif. Raba milimita 1000 gida 22.5, za ka samu 44 da ɗoriya, kusan 45 ɗin ke nan. Saboda haka duk abin da ka auna a jikin tarago na gaske, raba shi da 22.5 kawai. Tarago mai tsawon mita 12 zai dawo santimita 53, kamu guda da ɗan ƙari. Mutumin da zai tsaya a gefensa kuwa santimita 7 da rabi.

Kwalayen nan siffar taragun Turai suke ɗauke da ita, aikinmu shi ne mu mayar da su 'yan gida. Mu kuwa Allah ya ba mu abin kallo. Nan ne ƙarshen layi, Chadi ba ta da dogo, don haka kayan Njamena da na Garwa da Marwa duk nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci, auduga da shanu kuma su kama hanyar kudu. Taragon mai, na kwantena, rufaffe, buɗaɗɗe, duk za ka gan su. Je ka zauna daga nesa da littafi da fensir, ka yi ta kallo. Kada ka hau layi, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗau hoto sai ka nemi izinin ma'aikatan wurin. Ga mai farawa, ni buɗaɗɗen tarago mai gajeren bango nake ba da shawara. Ba rufi, ba ƙofa mai zamewa, kuma cikinsa a bayyane yake, aikin hannunka zai fito.

Da ka buɗe kwali, baje komai a kan faranti mai baki, ka ƙirga da takardar da ta zo ciki, ka kuma gane da me aka yi kayan, domin kowanne da gam ɗinsa. Katako da falanki, farin gam na kafintoci. Roba irin ta polistiren, gam ɗinta daban ne, ruwa-ruwa, kamar na Revell ko Tamiya: narkar da bakin robar yake yi, gefe biyu su zama ɗaya. Idan kuwa kayan na rezin ne, wato robar da ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare, wannan gam ba ya kama shi ko kaɗan, sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu da masu gyaran radiyeta ke amfani da shi. Roba da rezin duka a wanke su da ruwan sabulu tukuna, domin akwai maiƙon masana'anta a jikinsu da ke hana fenti zama. Rezin kuma a jiƙe ake goge shi da samfefa. Ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Sufa gulu ka sayi ƙananan kwalabe, zafi na daskarar da shi da wuri in an buɗe. Sauran kayan aiki ba su da yawa: reza sabuwa, ƙaramin magagari, filaya mai tsinin baki, hantsaki, sikwaya ta ƙarfe, da ƙananan bakunan diril da za ka juya da yatsu. Kada ka ɓalle kaya daga sandunan robar da suka zo maƙale da su. Yanke da ɗan rata, sannan ka goge ragowar.

Shasi, wato ƙashin ƙasan tarago da komai ke zama a kansa, shi ne wurin da ya kamata ka kashe lokacinka. Nemi gilashi mai kauri, ko tsohon madubi, ka yi aikin a kansa, domin teburin katako komai kyansa yana da ɗan tudu da kwari da ido ba ya gani. Jera sandunan tsawo da na kwance ba tare da gam ba, ka ga sun zauna. Sannan auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka sake auna ɗaya ɓangaren. In awo biyun sun zo ɗaya, shasin ya miƙe. In sun saɓa ko da milimita ɗaya ne, gyara yanzu. Bayan gam ya kama babu gyara, bango zai karkace, rufi ya ƙi zama, tarago ya riƙa tafiya da ƙafa ɗaya a sama har ya sauka daga layi. Sa gam kaɗan da tsinke, ɗora masa abu mai nauyi, ka bar shi ya kwana a kan gilashin. Gaggawa a nan ba ta haifar da ɗa mai ido.

Ƙafafu in da hali sa na ƙarfe maimakon na roba. Suna sauke nauyi ƙasa, ba sa tara datti sosai, kuma ƙarar da suke yi a mahaɗar layi tana da daɗin ji. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta ta zama kusan milimita 40. Yanke ɗan ƙarfe daidai wannan awo ka ajiye, ka riƙa gwada kowace. Idan taragon mai boji biyu ne, wato 'yan guntayen shasi masu juyawa da ke riƙe ƙafafu a gaba da baya, kada ka ɗaure sukurorinsu daidai da juna. Ɗaya ka matse shi yadda zai juya hagu da dama kawai, ɗayan ka sassauta masa ya iya ɗan rangaji. Haka tarago ke bin layin da bai daidaita ba, kuma layin da aka shimfiɗa a tsakar gida ba ya taɓa daidaita. Ƙugiyar haɗi kuwa, ko irin ta LGB ce ko ta kamfanin Kadee, tsayinta daga kan layi ya zama ɗaya a duk taragunka. Kafin ka ci gaba, tura shasin tsirara a kan lanƙwasar da ta fi matsi a layinka. Mafi ƙanƙanta ta LGB santimita 60 ce daga tsakiyar da'irar zuwa layin. In shasin ya yi sakayau, manna notuna biyu ko uku a ƙarƙashinsa, kusa da ƙafafu, ba a sama ba.

Bango kuma kowace kusurwa da sikwaya, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke raba aikin mai kallo da na mai bin takarda kawai shi ne ƙananan ƙarafa. Mariƙan hannu da matakala da suka zo a kwali sau da yawa an zuba su ne manne da bango, sun yi kauri, ba haske a bayansu. Kankare su da reza a hankali, ka huda rami biyu, ka lanƙwasa wayar tagulla mai kaurin milimita 0.8 ko 1, wadda ta yi daidai da rodi mai santimita 2 a gaske. Don su fito tsayi ɗaya, buga ƙusa biyu a guntun katako ka riƙa lanƙwasawa a kansu. Lokacin mannawa zura ɗan kwali a bayan wayar, ka cire bayan gam ya bushe. Ratar da ya bari ita ce wurin da hannun ɗan dako zai shiga. Katakon daɓe kuwa kada ka bar shi fari sabo. Jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a cikin binega ya kwana biyu, shafa wa katakon shayi mai ƙarfi, in ya bushe ka bi da ruwan soson. A gabanka zai koma toka-toka irin na katakon da ya sha rana da damina. Shafa gaba da baya, ka danne shi ya bushe, in ba haka ba zai kantare.

Fentin feshi na masu fentin mota yana da tina, ruwan tsinka fenti, mai cin roba, don haka gwada a kan ragowar sandunan kwalin tukuna. Fesa daga nesa, kamar taƙi da rabi, shafi sirara har sau uku ya fi shafi ɗaya mai kauri. Fentin akrilik na ruwa ba ya cin komai, buroshi ma ya isa. Lokaci ma a kula da shi: da damina a nan iska na da laima, fenti kan bushe da farin hazo a kansa, da hunturu kuma ƙura ce ke sauka kan ɗanyen fenti. Kife babban kwali a kansa da zarar ka gama.

Sai ƙasa. A hotunan Turawa za ka ga taragu sun yi baƙin gawayi da toka. Namu ja suke. Jar ƙasar Adamawa ta shiga kowane lungu na boji, ta hau ƙasan bango, ta yi duhu inda maiƙo ya riƙe ta kusa da ƙafafu, ruwan sama kuma ya ja tsatsa layi-layi daga kan ƙusoshi zuwa ƙasa. Ba sai ka sayi garin launi daga waje ba. Ɗebo ƙasar ƙofar gidanka, shanya ta, tankaɗe ta da tsohon ɗankwali mai shara-shara har ta yi laushin gari, sannan ka ɗiba da busasshen buroshi ka riƙa shafawa daga ƙasa zuwa sama, da yawa a ƙasa, kaɗan-kaɗan yayin da kake hawa. Fesa banish marar sheƙi a kai don ta zauna. Banish ɗin zai cinye rabin launin, kada ka damu, maimaita har ya gamsar da kai. Abin da nake roƙo shi ne kada ka yi wa gefe biyu ado iri ɗaya, kada kuma ka lulluɓe lambobin taragon gaba ɗaya. Ma'aikata na buƙatar karanta su, a gaske ma ana ganinsu.

Lodi shi ke ba tarago labari. Dilar auduga guntun katako ce da aka naɗe da farin ƙyalle aka ɗaure da siririyar waya. Da farin gam za ka manna, ban da sufa gulu: in ya taɓa auduga zafi yake yi nan take, har hayaƙi, yana iya ƙona yatsa. Buhuna kuma a ɗinka su da tsohon yadi a cika da yashi.

'Yan'uwa na Garwa da Marwa, ku ne zafi ya fi shafa. A watan Maris da Afrilu kada ku bar tarago a rana ko a cikin mota, kada kuma ya kwana saman kabad kusa da kwanon rufi, bangon roba yana lanƙwashewa. Na katako kuma a shafa masa banish har ƙarƙashi, a ajiye shi a akwati mai murfi can sama da ƙasa, saboda gara.