Kafin ka sayi babbar kwamfutar tebur haɗaɗɗiya

'Yan uwa, masu shirin zuba kuɗi a babbar kwamfuta, kada fitilun jikin akwati su ruɗe ku. Ku fara da katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, nan kuɗin yake. Idan kwamfuta biyu farashinsu ɗaya, wata da katin RTX 4070, wata da RTX 4080, ai magana ta ƙare, 4080 ya fi ƙarfi.

Sai ku nemi jerin kayan ciki, ku lissafa farashin kowanne daban, ku ga nawa aka ɗora na haɗawa. Inda ake yawan rage zani shi ne na'urar rarraba wuta. Ga kwamfuta mai katin RTX 4090, Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro shi, ta ba da shawarar na'ura mai wat 850. RAM kuwa, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, ya zama sanda biyu, ba ɗaya ba. Da wutarmu ta nan, ku ware kuɗin UPS, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke, tun farko.